Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Marubutan Onlayin: Ku Gama Littafin Kafin Ku Karɓi Kuɗin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena da 'ya'yana masu rubuta labarai a WhatsApp da Wattpad da Facebook da sauran zaurukan intanet, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da taifin. Na san yadda babban yatsa yake tsami idan aka kwana ana danna waya. Na kuma san akwai wadda take rubuta shafinta da goyo a baya, tukunya a kan wuta, caji saura kaɗan, masu karatu kuma suna ta aiko da "Anti shiru yau?" Allah ya yi wa alƙalumanku albarka.

Abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan wasiƙa ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗarsa. Kafin azumin bara na biya naira 500 na shiga guruf ɗin wani littafi. Shafukan kyauta goma sha biyar na karanta, kuma tsakani da Allah yarinyar ta iya jan zaren labari. Na tura kuɗi, na tura shaidar biya, aka saka ni. Muka tafi lafiya lau har shafi na 43, inda uwargida ta buɗe akwatin mijinta ta ga takardar filin da ya rantse mata ya sayar. Daga nan sai ɗif. Satin farko aka ce waya ta lalace. Na biyu ana biki a gidansu. Na uku ba ta da lafiya, muka yi ta jero addu'a. Bayan sallah sai ga tallar sabon littafi da sunanta, da sababbin shafukan kyauta, da lambar asusun nan dai da na sani.

Ɗari biyar ba ta kai a yi mata wasiƙa ba, yanzu ko kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa ba lalle ta isa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganganun da na ga matan guruf ɗin suna yi bayan sun fitar da rai. Wata ta ce ta yi rantsuwa ba za ta sake sayen littafin kowa ba sai an gama shi. Wata ta ce ita dama jira za ta dinga yi a fitar da shi a guruf ɗin sata ta karanta a ɓagas. Ba sunan yarinyar nan suka kira ba, "marubuta" suka ce. Wake ɗaya ya ɓata gari, asarar kuma ta hau kan wadda take can tana rubutunta da gaskiya ba ta san ma an yi ba.

Ni na fito daga wani zamani ne daban. A shekarun 1990 a littafin makaranta nake rubutu da biro, in kai wa mai taifin, in dawo in tarar ya mayar mini da Hajara ta koma Hajiya a rabin littafin, in gyara, a kai maɗaba'a. In an buga sai a ɗaure a kai wa dillalai a kasuwa, su kuma su raba wa masu kaiwa Gusau da Jos da Maraɗi. Kuɗi kuwa sai abin da dillali ya ga dama. Akwai wanda na yi wa sintiri wata shida yana ba ni kuɗina kaɗan-kaɗan kamar mai ba da sadaka, ga littafin ina ganinsa da idona a hannun 'yanmata a motar haya. A unguwanni kuma ga masu ba da hayar littattafai, kwafi ɗaya ya zagaya gida talatin, marubuciya ba ta ga ko kwabo ba. Abin da masana suka zo suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ke nan, mu kuwa a lokacin neman yadda za mu mayar da kuɗin takarda muke yi. Kuma kada ku ɗauka mu wankakku ne. Mu muka fara raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, akwai kuma littattafan da har yau na ukunsu bai fito ba.

Ku kun samu abin da muka yi ta mafarki. Babu dillali tsakaninku da mai karatu, kuɗinsa daga wayarsa sai asusunku. Sai dai wannan sauƙin ya zo da nauyinsa. A da mai saye yana riƙe littafi a hannu, ya juya bayansa, ya leƙa shafin ƙarshe in ya so, sannan ya biya. Naku mai sayen cinikin biri a sama yake yi, ya biya kuɗin abin da ba a riga an rubuta ba. Ba shi da wata hujja sai yarda da ku. Wannan yardar ita ce jarinku gaba ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba, na rubutu ne ko na kasuwa, a kanta yake tsaye.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda in kun ɗauke ta kaɗai ma na gode: a gama littafi kafin a buɗe guruf ɗin kuɗi. Na san abin da za ku ce. Za ku ce sharhin masu karatu ne yake ba ku ƙarfin ci gaba, in babu shi alƙalami ba ya gudu. Gaskiya ne, akwai daɗi ka saki shafi da safe kafin azahar an cika ka da sharhi. To amma wannan sharhin ne kuma yake karkatar muku da labari. Masu karatu su yi caa a kan lalle sai an hukunta kishiya yanzu, ki hukunta ta a shafi na 30, sai ki waiwaya ki ga babu sauran abin da zai ja labarin, dole ki ƙirƙiro wata muguwar daga sama. In ba za ki iya gamawa duka ba, to ki kasance aƙalla shafi ashirin gaba da abin da kike saki, kuma kin rubuta ƙarshen labarin a wani wuri ko da a layi goma ne. Waya tana lalacewa, yaro yana zazzaɓi, ana rasuwa. Wadda take da ajiya ba ta buƙatar ba da haƙuri. Kowa ya ci ladan kuturu dai kun san sauran.

Ki samu kuma ɗan littafi na takarda ki ajiye kusa da ke, ki rubuta sunan kowane mutum na cikin labarin, da shekarunsa, da dangantakarsa da sauran, da ko yana raye. Abin kamar wasa ne, amma na taɓa gyara wa wata baiwar Allah littafi inda mahaifiyar jarumi ta rasu a shafi na 12, muka yi kuka, sai ga ta a shafi na 70 tana rabon goro a wurin ɗaurin aure.

Bari mu zo kan shafukan kyauta, don su ne ainihin tallarku, sun fi duk wani hoto da za ku ɗora a sitatus. Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta. A cikin littattafai goma da ake turo mini, bakwai ko takwas da abu ɗaya suke buɗewa. Ko dai wani tanƙamemen gida da mai gadi yana wangale get, ga jerin motoci, ga wani miskilin matashi da ba ya murmushi, ko kuma budurwa a gaban madubi ana lissafa mana hancinta da idonta da gashinta har gadon baya. Shafi uku sun tafi babu abin da ya faru. Mai karatun da yake da littattafai hamsin a wayarsa ba zai jira ki ba. Ki fara daga inda ruwa ya fara dagulewa. A ce labarinki na yarinya ce da aka fasa aurenta. Kada ki faro daga ranar da aka haife ta. Ki faro daga lokacin da ƙanen baban ango ya yi sallama a zaure ya ce ya zo karɓar akwatunan lefe, mahaifinta yana alwala, ita kuma tana ɗaki da lalle a ƙafa bai gama kamawa ba. Kyanta da asalinta da talaucin gidansu duk za su fito a hanya, a bakin mutane da ayyukansu. Sannan ki kula da inda shafukan kyauta za su tsaya. Ki tsaya a inda aka buɗe babbar tambayar littafin, wadda amsarta take can ƙarshe. Masu ƙirƙiro hatsarin mota a shafin ƙarshe na kyauta don a biya, sai a shafi na gaba a ce ashe mafarki ne, sau ɗaya suke cin wannan kasuwa.

Maganar mutanen cikin labari kuwa, nan ne nake gane wadda take sauraron mutane da wadda littattafan wasu kawai take karantawa. Kaka da jika da direba da farfesa duk bakinsu ɗaya, ba ka gane mai magana sai an ce "in ji wane." Ku je ku zauna a gidan suna ku yi shiru ku ji. Tsohuwa ba ta cewa ta ji haushi, cewa za ta yi "ai shi ke nan, mu da muka tsufa me muka sani." Surukar da ba ta son amarya ba zaginta take yi ba, yabon matar maƙwabci take yi a gabanta. Basakkwace zai ce munka da sunka da anka, mutumin Damagaram yaronsa lakwal yake zuwa, in ya yi ciniki kuma da jika yake lissafi. Ba sai an cika shafi da karin harshe ba, kalma biyu ko uku a inda ya dace sun isa su tsayar da mutum da ƙafafunsa. Gaisuwa kuma, don Allah. Mun san Bahaushe da gaisuwa, amma ina kwana, lafiya lau, ya gida, ya yara, ya aiki, ya gajiya, har rabin shafi, a kowace haɗuwa, cika awo ne da tsakuwa. Gaisuwar da za ta shiga littafi ita ce wadda take ɗauke da wani abu, kamar matar da mijinta ya ce mata ina kwana ta amsa da "an tashi lafiya" ba ta ɗago kai ba.

Shi wannan cika awon ciwo ne babba, kuma na san daga ina ya samo asali. An sa muku a rai cewa littafin kuɗi sai ya kai shafi ɗari ake ganin ƙimarsa. Sai a yi ta zuwa sayayya, a dafa abinci kala bakwai a lissafa mana, a yi kwalliya a faɗi sunan kowane turare, a tafi Dubai a dawo. Ki gwada wannan: ki ɗauki kowane shafi ki tambayi kanki me ya canza daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Wani ya san abin da bai sani ba? Wata ta yanke shawara? An yi asarar wani abu? In babu, ki cire shi, komai daɗin da kika ji wajen rubuta shi. Mai karatu ba ya ƙirga shafi in labari yana tafiya. Sai ya fara gajiya yake fara lissafin kuɗinsa.

Ga kuma bincike, wanda kusan kowa yake gudu. Jarumarki 'yar shekara 23 ce kuma babbar likitar tiyata. To karatun likita a jami'o'in Najeriya shekara shida ne, a ɗora shekarar koyon aiki a asibiti, a ɗora bautar ƙasa, kafin ma a fara maganar shekarun ƙwarewa. Janar ɗin soja ɗan shekara 28 sai a mafarki. Shari'ar kisan kai ba a yanke ta a kotun majistare, Babbar Kotu ake kai ta, kuma ba a gama ta a zama biyu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskure a hukuncin addini, don akwai yarinyar da daga littafinki za ta ɗauka ta riƙe. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, iddar mai ciki haihuwarta ce, wadda aka saka kafin a sadu da ita babu idda a kanta, saki uku kuma ba ya warwarewa don miji ya yi kuka ya durƙusa. In labarinki ya taɓo gado ko saki ko khul'i, ki kai wa malami shafin ya duba. Kotunan shari'a a buɗe suke, ki je ki zauna a benci rana guda, za ki fito da labarin da ya fi na Dubai sau goma. Ni har yau ina mamakin yadda muke barin Kurmi da Kantin Kwari da zangon Kumasi da gonakin albasa na bakin kogi, wuraren da muka san warinsu da hayaniyarsu, mu tafi rubuta ƙasashen da a fim kawai muka gan su.

Ƙarshen labari ma haka. Muguwa ta haukace ko mota ta take ta, kowa ya zo ya nemi gafara a shafi ɗaya, jaruma ta haifi 'yan uku, tammat. Hukuncin da yake gamsar da mai karatu shi ne wanda ya tsiro daga aikin mai laifin. Wadda ta raba miji da danginsa da ƙarya, ranar da take buƙatar dangin ta waiga ba kowa, wannan ya fi hauka ciwo kuma ya fi kama da duniyar da muke ciki.

Ƙa'idar rubutu ba zan daɗe a kanta ba, don kun sha ji. Kawai ku tuna baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, "ba ta zo ba" kuma in kika haɗe ta koma "bata" sai a rasa ko ɓata ake nufi. Ɓ da ɗ da ƙ suna nan a Gboard, Hausa kawai za ki ƙara a jerin harsuna. "Xan xo" da "wlh" da "ngd" a bar su a hira da ƙawaye. Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa tun 2006, marubuciyar da take karɓar kuɗin mutane ya kamata ta mallake shi ko ta san inda za ta duba. Kuma ki ba wani ya karanta kafin ki saki, wanda ba ya jin kunyarki. Ƙawar da kullum take cewa "wallahi ya yi daɗi" ƙawa ce ta gari, amma ba ita ce mai gyara ba.

In kuna son makarantar taƙaita zance kyauta, ku shiga gasa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma da gasa ya fara: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su rubuto labarai, aka buga waɗanda suka yi fice, Abubakar Imam kuwa lokacin bai wuce shekara 22 ba, sa'an da yawa daga cikinku. Yau ga Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata, inda ake so ki faɗi duk abin da ke bakinki a kalma 1,000 zuwa 1,500. A 2022 'yar Nijar ce ta zo ta ɗaya. Ko ba ki ci ba, wadda ta matse labari ya shiga wannan ma'auni ta koyi abin da shafi ɗari ba zai koya mata ba. In kuwa kin ci, ko sunanki ya fito a cikin waɗanda aka yaba, kin samu tallar da kuɗinki ba zai saya ba.

To, kasuwa. Ku zauna ku yi lissafi da biro, don da yawanku ba ku taɓa yi ba. A ce littafi naira 500 ne, mutum 200 suka saya, naira 100,000 ke nan. Wata uku kika yi kina rubutu. Cire data, cire kuɗin mai zana bango, cire na mai gyara in kin ba shi, cire na masu tallata miki a gurufansu. Abin da ya rage ki raba uku, shi ne albashinki na wata. Wannan lissafin zai nuna miki abu ɗaya: littafi guda ba ya riƙe marubuci. Abin da yake riƙe shi mutum 200 ɗin nan su dawo a littafi na biyu ba tare da kin sake kashe kuɗin nemo su ba, kowace kuma ta jawo ƙawarta. Tsofaffin littattafanki da kika kammala su ma kaya ne a shago, sabuwar mai karatu in ta ji daɗin na yanzu za ta tambayi na baya. Ki tanade su a gyare, kammalallu, da farashinsu, har ki yi ragi ga mai ɗaukar uku. Masu haɗuwa su huɗu ko biyar su fitar da littattafai tare a kuɗi ɗaya dabara ce mai kyau, kowa tana cin masu karatun 'yar'uwarta, amma ki duba da wa za ki haɗu, don in ɗaya ta tsaya a hanya duk ku za a zaga.

Ki faɗi ranakun da za ki dinga saki, ki kuma tsaya a kansu. Sau uku a sati da ba ya tashi ya fi kullum da ake yi ana fashi. Suna ɗaya za ki riƙe, kada yau ki zama Maman wane gobe Gimbiyar kaza jibi wata aba, mai neman ki ya rasa ki. Bango kuma a daina ɗauko hoton amaryar mutane daga Instagram ko na 'yar fim ɗin Indiya, ranar da mai hoton ta gani ba za ki ji daɗi ba. Tallar da za ki rubuta wa littafi kada ta zama "labari ne mai cike da darasi, soyayya, cin amana, tausayi da ban dariya," wannan kowa haka yake cewa. Layi uku sun isa: wace ce, me take so, me ya tare mata hanya. Tallan 'yan kasuwa da kuke sawa a saman shafi hanyar samu ce halal, sai dai na ga inda tallar kayan mata ta fi shafin labarin tsawo. Kuma maganin da ba ki san abin da aka haɗa a ciki ba kada ki ɗora sunanki a kansa, don mai karatu saboda ke za ta sha.

Kada ki manta da masu karatunki na ƙetare. Matan Maraɗi da Damagaram da Yamai suna karatu sosai, haka na Kamaru da Gana da masu zaune a Saudiyya, kuma sau da yawa abin da yake hana su saye rashin hanyar biya ne, sai su koma wa na sata ba don sun so ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ki samu amintacciya a can mai karɓar sefa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ki rubuta farashin da kuɗinsu a jikin tallar.

Sata kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, ba za ta ƙare ba. Mu an yi mana da injin hoto da haya, ku ana yi muku da kwafa da turawa. Tsinuwar da kuke jerawa a saman kowane shafi, Allah ya isa sakin layi guda, ba ta hana ɓarawo, mai biya ce kawai take karanta ta kullum ranta yana ɓaci. Telegram yana da saitin hana turawa da adanawa, manhajoji irin su ArewaBooks ma suna rage abin, ko da yake mai niyya zai ɗauki hoton shafi da wata wayar. Abin da na ga yana aiki shi ne mai biya ta samu abin da ɓarauniya ba ta samu ba: shafi a kan lokaci, hira da marubuciya, kammalallen littafi mai tsafta a ƙarshe, ragi a littafi na gaba. Kuma ku sani doka tana bayanku. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi abin da aka ɗora a intanet, har da neman a sauke shi. Ita dokar ce kuma ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka in mai tashar YouTube ya zo yana son karanta littafinki, ko mai shirya fim, kada ki sallama da "ba komai Yaya" a saƙon murya. A rubuta: na wane lokaci ne, nawa ne, shi kaɗai ne ko kina iya ba wani, zai ambaci sunanki ko a'a. Haya za ki ba shi, kada ki sayar da gonar.

Ajiya ma haka. OkadaBooks ya yi shekaru marubutan Najeriya suna sayar da littattafai a cikinsa, a ƙarshen 2023 ya rufe. Lambar WhatsApp ana rufe ta dare ɗaya. Duk littafin da kika gama ki tura wa kanki ta imel, lambobin waɗanda suka taɓa saya kuma ki rubuta su a wani wuri da izininsu. Mabiya dubu goma a manhajar wani ba naki ba ne, aro aka ba ki.

Saura magana ɗaya da ba na son yi amma dole. Batsa tana sayar da littafi da sauri, kowa ya sani, shi ya sa wasu suke fakewa da "na matan aure ne." Guruf ba shi da mai gadi, 'yar aji uku a sakandare ma tana da naira 500. Mu da muka ga shekarar 2007, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, wato A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Finafinai kuma ta juyo kan marubuta, mun san in guguwar ta taso ba ta tambayar wa ya rubuta me. Ana iya rubuta soyayya da aure har da abin da ke tsakanin miji da mata a ja labule inda ya kamata, mai karatu ya fahimta sarai. Hausa ba ta rasa sakaya zance ba. Mai saye saboda batsa kuma gobe in wata ta fi ki buɗewa can za ta koma.

Ke kuma 'yata mai littafin shafi na 43, in wannan wasiƙa ta iso gare ki, ban ambaci sunanki ba kuma ba zan ambata ba. Kin iya rubutu, da ba ki iya ba da ban damu ba. Har yanzu ban fita daga guruf ɗin ba, mu goma sha ne muka rage. Ki ajiye sabon nan tukuna ki dawo ki gaya mana abin da uwargida ta yi da takardar filin. In kuma labarin ne ya ƙi, ya kan faru, ni ma ya taɓa ƙi mini, to ki fito ki faɗa, ki tambayi kowa lambar asusunta. Tawa tana cikin shaidar biyan da na turo miki.

Wassalam.

Yayarku a harkar alƙalami,
daga Kano.